JAWABIN SAKATARE GA 'YA'YANMU DA SUKA KAMMALA KARATUN SHA'ANIN MULKI

Wannan shi ne jawabin da Sakataren ƙungiya ya gabatar a wajen walimar taya ɗalibanmu murna a nan Sabo, Badun. Mun buga shi gaba ɗayansa saboda iyayen da ba su samu halarta ba.



Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka, Shugaban wannan ƙungiya tamu da 'yan majalisarsa, malamanmu, shugabannin kasuwa da na sana'o'i, iyayenmu mata, maƙwabtanmu Yarbawa da suka amsa gayyatarmu, sai kuma ku 'ya'yanmu da aka taru dominku.

Taya murna an riga an yi, addu'a kuma malamai sun yi. Abin da Shugaba ya umurce ni da shi shi ne in yi magana a kan abin da ke gaban waɗannan yara, musamman waɗanda suka karanci sha'anin mulki da tsara manufofin gwamnati, waɗanda burinsu shi ne su shiga aikin gwamnati. Ni dai bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, ban taɓa zama a ajin jami'a ba, saboda haka ba zan koya muku abin da malamanku suka koya muku ba. Amma aikin sakatare ya sa na daɗe ina kai takardun jama'a ofisoshi ina karɓowa, kuma wanda ya daɗe yana zama a bencin jira yakan ga abin da mai kujerar ofis ba ya gani.

Zan fara da iyaye, domin na ji abin da ake faɗa a majalisu. Wani ya ce yaro ya yi shekara huɗu ko biyar, an kashe kuɗi, ga shi bai zama likita ba, bai zama lauya ba, to shi wannan karatu mene ne sunan sana'arsa? Amsar a bakin ƙofarmu take. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa ranar 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Duk wanda yake kara ko Bodija ko Shasha a wancan lokaci ya san abin da ya gani. Mai shanu ya kawo kaya babu tsabar kuɗin da za a biya shi, mai tumatir da attarugu yana kallon kayansa suna lalacewa, mutum yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa. Sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da tsofaffin takardun. To, jama'a, wannan abu ba daga sama ya faɗo ba. Mutane ne suka zauna a ofis, suka rubuta, suka lissafa, suka sa rana. Da a ce cikin masu lissafin akwai wanda ya san cewa cinikin dabbobi daga Arewa zuwa Kurmi yawancinsa hannu da hannu ake yi, kuma makiyayin da ya sayar da sa a kasuwar ƙauye ba shi da banki kusa da shi, wataƙila da an tsara abin ta wata hanya. Karatun da yaran nan suka yi shi ne karatun wannan zama: yadda ake gano matsala, a auna wa za ta taɓa, a lissafa kuɗinta, a rubuta ta, a aiwatar, sannan a koma a duba ko ta yi amfani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu mun daɗe muna zaune cikin ɗakin ba tare da muna da kowa a wajen masu rufin ba.

Saboda haka ina so su shiga. Amma akwai ƙofa, kuma a bakin ƙofar akwai wata takarda da ba jami'a ke bayar da ita ba. A nan zan daɗe, ku yi mini haƙuri.

Duk wanda ya cika takardar neman aikin gwamnati ya ga gurbi biyu: jiharka ta asali da ƙaramar hukumarka ta asali. Sannan a ce ka haɗa da takardar shaidar zama ɗan asalin wannan ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa indijin. An kafa unguwar nan ta Sabo tun 1916. Cikin yaran da ke zaune gabanmu akwai wanda a nan aka haifi kakansa, Yarbanci a bakinsa kamar na kowane ɗan Badun, harajin ubansa a baitulmalin jihar Oyo yake shiga, amma idan ya zo kan wannan gurbi sai alƙalaminsa ya tsaya.

Bari mu ga abin da doka ta ce, domin ana yawan faɗin rabi a bar rabi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko inda ya fito, ko addininsa, ko kasancewarsa namiji ko mace, ya kuma hana a tauye shi saboda yanayin haihuwarsa. Wannan kowa ya haddace shi. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne ƙaramin sashe na 3 na wannan sashe ɗin, wanda ya bar ƙofa ga doka ta sa sharuɗɗa wajen naɗa mutum a muƙamin gwamnati ko ɗaukarsa aikin soja da ɗan sanda. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya ce ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Sashe na 14 shi ya kawo maganar raba daidai, wato kada 'yan wasu jihohi ko wata ƙabila su mamaye hukumomin tarayya. Sashe na 147 kuma ya ce dole a naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Duk da haka tsarin mulki bai zauna ya fayyace wane ne ɗan asali ba. An bar hukuncin a hannun ƙananan hukumomi, su ke ba da takardar, su ke hanawa.

Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da doka ta 34 ta 1996, ita ce ta fitar da ƙa'ida. A ƙa'idarta, 'yan kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin ɗari na manyan ma'aikatan hukumar tarayya, kada kuma su wuce kashi 3. Ɗan asalin ƙaramar hukuma kuwa, a wurinta, mutum biyu ne: wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓe shi a matsayin ɗanta. Sai ta ƙara da sharaɗi cewa ba a yarda mutum ya yi iƙirarin ƙaramar hukuma fiye da ɗaya ba. Matar aure kuma jiharta ta asali za ta ci gaba da riƙewa wajen wannan lissafi, ba ta mijinta ba. 'Ya'yanmu mata da iyayensu su riƙe wannan da kyau, domin na ga yarinyar da ta canza komai nata zuwa jihar miji, aka zo tantancewa aka mayar da ita baya.

Kafin in wuce, gaskiya ɗaya ce dole a faɗe ta, tunda maƙwabtanmu suna nan suna ji. Ba Yarbawa suka ƙirƙiro mana wannan matsala ba. Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya irin wannan katangar yake cin karo da ita. Tun zamanin Jihar Arewa an yi manufar fifita ɗan Arewa a aikin gwamnati, sauran jihohin ma kowa ya yi irin tasa. A 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatanta da ba 'yan asalin jihar ba, alhali yawancinsu Inyamurai ne 'yan uwansu daga jihohin da ke maƙwabtaka da su. A 2006 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan batu, ta nuna cewa ciwon ya game ƙasa. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin gyaran tsarin mulki da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha damar zama ɗanta, aka yi ta ce-ce-ku-ce, daga baya ya janye shi. Ke nan dokar tana nan yadda take, kuma yaron da zai nemi aiki bana da ita zai nema.

To mene ne abin yi? Na san ra'ayi ya rabu a cikinmu. Wasu suna cewa kada ɗanmu ya je Kano ko Katsina ko Sakkwato neman indijin, domin yin haka kamar mun sa hannu ne cewa mu baƙi ne a nan. Na fahimci wannan magana, kuma akwai zafin zuciya na gaskiya a cikinta. Amma ni ra'ayina daban ne. Yaro yana da shekarun neman aiki ƙididdigaggu, ba zai zauna jiran gyaran tsarin mulki ba. Idan an san garin kakansa, akwai dangi, akwai mai unguwa ko dagacin da zai shaide shi, to ya je ya karɓi takardarsa, doka ce ta ba shi, ba alfarma ba ce. Kuma ya je yanzu, tun dattawan da suka san kakansa suna raye. Wannan takarda ba ta ƙwace masa katin zaɓensa na nan ba, ba ta hana shi mallakar gida a nan ba, ba ta kuma hana shi tsayawa takara ba, domin sashe na 106 da ya jera sharuɗɗan zama ɗan majalisar jiha bai ambaci asali ba, kuma tun 2018 an rage shekarun zuwa 25.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne kashi na biyu, waɗanda zumunci ya yanke, babu wanda ya san su a can, a nan kuma a ce musu ba 'yan nan ba ne. Su ne ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Su ƙofarsu ita ce wancan kashi na biyu na ƙa'idar, wato ƙaramar hukuma ta karɓi mutum. A kansu ne ya kamata ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta, a rubuce, da sa hannun Mai girma Sarki, da shaidar haihuwa, da rasit na haraji na shekaru, da takardun makarantar firamare. Kuma muna da madogara: ƙaramin sashe na 4 na sashe na 14 ya ce a tafiyar da gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma ta yadda za a lura da bambance-bambancen mutanen da ke zaune a yankin, kowa ya ji ana yi da shi. Idan an ƙi, a nemi a ba da dalili a rubuce. Akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ba na yi muku alkawarin za a dace kowane lokaci, amma koken da aka rubuta aka buga masa hatimin karɓa yana nan a fayil, wanda aka yi da baki a majalisa kuwa iska ce ke ɗauke shi.

Abin da ba zan yarda da shi ba, kuma ƙungiya ba za ta sa hannu a kai ba, shi ne hanya ta uku: a ba wani kuɗi ya kawo takarda daga ƙaramar hukumar da yaro bai taɓa jin sunanta ba, ko yaro ya riƙe biyu, wannan ta neman makaranta, waccan ta neman aiki. A da ana yi a kwana lafiya. Yanzu lambar katin ɗan ƙasa, da rajistar JAMB, da ta bautar ƙasa, da ta banki duk suna cikin kwamfuta, kuma ana gwada su da juna. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1999 Salisu Buhari ya sauka daga kujerar Kakakin Majalisar Wakilai a kan takardar digiri da shekarun haihuwa. A 2018 Ministar Kuɗi Kemi Adeosun ta ajiye aiki a kan takardar ɗauke mata bautar ƙasa, ita kanta kuma ta ce ba ta san ta jabu ba ce, waɗanda ta amince musu ne suka karɓo mata. Idan takarda ta iya sauke kakaki da minista, ƙaramin ma'aikaci ɗan Sabo da ba shi da kowa a sama fa? Kowace takarda taku ku je da ƙafarku ku karɓo.

Har ila yau a kan takardu, akwai wata cuta tamu ta gida. Yaro a firamare Muhammadu Sani, a sakandare Sani Mohammed, a jami'a an ƙara sunan gari, a katin ɗan ƙasa kuma wani malamin rajista da bai san sunayenmu ba ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Ranar haihuwa ma haka, uba ya faɗi wata, uwa ta faɗi wata. Ma'aikacin da ke tantancewa ba ruwansa da cewa mutum ɗaya ne, abin da ke kan takarda yake gani. A gyara tun yanzu, da takardar rantsuwa ta kotu da sanarwa a jarida inda ake bukata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai bautar ƙasa. Tun 1973 aka kafa ta, kuma ba a ɗaukar mai digiri ko babbar difloma aikin gwamnati sai da takardar kammalawa ko ta ɗaukewa, wadda ake ba wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu. Alawus ɗin ya koma naira 77,000 a 2025. Roƙona shi ne kada a yi ta bin hanya ana neman a dawo da yaro gida ya riƙa zuwa sa hannu ƙarshen wata yana zaman shago. Ga wanda ya karanci mulki, wannan shekara ita ce ajinsa na ƙarshe. Idan an tura ka sakatariyar ƙaramar hukuma ko wata ma'aikata, ka maƙale wa ɗakin rajista, ka ga yadda wasiƙa ke shigowa, a ba ta lamba, a sa ta a fayil, a rubuta bayani a kai, ta hau ta sauko. Tsohon akawun da ke wurin ya san abin da ba ya cikin littafi.

Wajen neman aikin kuma, ƙa'idar raba daidai ta ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba masu nema mako shida. A farkon 2025 Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ta buɗe shafinta na intanet ta karɓi takardun masu nema, kuma yanzu jarrabawar irin wannan a kan kwamfuta ake yinta. Ba a sayen gurbi bisa doka. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki, shaidu suka zo suka faɗi maƙudan kuɗin da suka biya, wasunsu kuma ko aikin ba su gani ba. Uban da ya sayar da shanu ya ba dillalin aiki, idan an cuce shi ba shi da bakin kai ƙara, domin shi ma ya taka doka. Kada kuma idonku ya tsaya kan kwastan da kamfanin mai kaɗai. Akwai ofisoshin kasafin kuɗi da tsare-tsare, akwai hukumar ƙididdiga, akwai ma'aikatan majalisa da ke taya 'yan majalisa nazarin ƙudurori, akwai jami'o'i da asibitocin tarayya, cikinsu har da waɗanda ke nan garin.

Yanzu a ce Allah ya sa an dace. Mai digiri a mataki na 8 yake farawa, ya yi shekara biyu ta gwaji, ya ci jarrabawar tabbatarwa a kan dokokin aikin gwamnati da na kashe kuɗi. Daga nan ƙarin girma sai bayan shekara uku-uku, a sama kuma huɗu-huɗu, har ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa. Albashin farko ba zai kai ribar da wani sa'ansa ke samu a kasuwar canji ko a kara cikin mako mai kyau ba. Iyaye su san da wannan tun yau, kada a wayi gari ana yi wa yaro gori.

Ga kuma wata doka da ta shafe mu fiye da kowa, mu da kasuwanci ya zama gadonmu. Jadawali na biyar na tsarin mulki, wato ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Ya hana shi karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Ya kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki. Saboda haka Alhaji, idan ɗanka ya kama aiki, cire shi daga tafiyar da shago da motocin haya, ka ɗora ƙaninsa. Mu kuma sauran jama'a, mu rage masa nauyi. Mun san halinmu: ranar da aka ji ɗan wane yana ofishin filaye ko na haraji, washegari layi ya kama a ƙofar gidansu, kowa da bukatarsa, wani har da buhun shinkafa a bayan mota. Idan ya ce doka ba ta ba shi dama ba, a ce ya yi girman kai, ya manta asalinsa. Mu ne muke karya su da hannunmu. Kuma ku sani, ɗan Sabo a ofis ido biyu ke kansa. Kuskuren da wani zai yi a ce wane ya yi, shi idan ya yi cewa za a yi Hausawa sun yi, sai ƙofar ta rufe wa na bayansa.

Amfanin da muke nema a wurinsu ya fi wannan girma. Muna so a samu wanda idan ana tsara tashin kasuwa, ko dokar 'yan acaba, ko rabon azuzuwa da asibitin sha-ka-tafi, zai ɗaga hannu ya ce akwai mutane kaza a unguwa kaza da ba a lissafa da su ba, ga adadinsu, ga abin da zai same su. Bayan rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, da aka zo maganar asara da sake tsugunar da mutane, kowa ya ga bambancin wanda ya zo da jerin sunaye da lissafi a rubuce da wanda ya zo da kuka kawai. Kuma wanda zai yi mana wannan dole ya yi wa Bayarabe da Inyamuri da Tibi daidai yadda zai yi mana, in ba haka ba babu mai sauraronsa. Wannan gari ya san ma'aikaci na gari. A sakatariyar Agodi Cif Simeon Adebo ya shugabanci ma'aikatan Jihar Yamma kafin ya tafi wakiltar Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1962, har yau kuma da sunansa ake misali. Mu ma muna da abin tunawa: Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, kuma da ƙuri'ar mutanen garin ya hau. A 2019 ma gwamnatin Legas ta naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi kwamishina. Abin ba mafarki ba ne.

Ku 'ya'yana, abu ɗaya zan roƙe ku game da teburin da za ku zauna. Na taɓa kai wata takarda ta marayu wani ofis, na yi zuwa bakwai, kullum a ce mai sa hannu ya fita. A zuwa na takwas wata yarinya sabuwar ma'aikaciya ta buɗe fayil ɗin, ta ce Baba ai hoto ɗaya ne ya rage, shi ya sa ba ta motsa ba. Cikin minti biyu ta faɗa mini abin da aka kasa faɗa mini cikin wata biyu. Ba ta karya doka ba, ba ta yi mini alfarma ba, karantawa kawai ta yi ta yi mini bayani da harshen da zan gane. Ku kun tashi da Hausa da Yarbanci da Turanci, wasunku har da Larabci. Tsohuwar da ta zo gabanku tana juya takarda a hannu ba ta san ta inda ake karanta ta ba, kun san ta, domin irinta ce ta goya ku.

Wanda kuma bai samu aikin ba tukuna, kada ya ce karatunsa ya tashi a banza, mu muna da aikin da za mu ba shi. Tun 2011 akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, a amsa masa cikin kwana bakwai, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Kasafin kuɗin jiha ana buga shi kowa ya gani, amma a cikinmu wa ya taɓa zama ya duba nawa aka ware wa makarantun firamare da magudanun ruwa na mazaɓarmu? Majalisar dokoki takan kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta zartar da doka, sau da yawa sai an gama muke ji. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, wanda ke nufin ya kamata mu san abin da ke shiga tamu da inda yake tafiya. Duk wannan aikin wanda ya karanci mulki ne, kuma wanda ya yi shi shekara guda zai shiga intabiyu da abin faɗa a bakinsa. Ajinmu na yaƙi da jahilci na dare ma yana neman masu koyarwa, musamman ɓangaren mata.

Saboda haka, da izinin Shugaba, ga abin da majalisar ƙungiya ta amince. Kowane ɗalibi da ya kammala, da wanda ke shekarar ƙarshe, ya kawo kwafin takardunsa ofishin ƙungiya ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar: shaidar haihuwa, ta firamare, ta sakandare, sakamakon jami'a, katin ɗan ƙasa, da indijin idan akwai. Za mu jera su mu duba suna da ranar haihuwa. Kwafi muke so, kowa ya riƙe na ainihi a hannunsa. Waɗanda ba su da indijin za mu raba su gida biyu kamar yadda na yi bayani, masu tafiya gida a haɗa su da wasiƙar Mai girma Sarki, sauran kuma a rubuta musu takarda guda zuwa ƙaramar hukuma. Muna kuma neman mutum uku daga cikin ɗaliban, aƙalla ɗaya mace, da za su riƙa bin sanarwar ɗaukar aiki suna liƙa ta a allon ofis, su kuma karanto mana kasafin kuɗin bana a taron wata mai zuwa. Ba a biyan ko sisi a kan ɗaya daga cikin waɗannan, wanda duk ya nemi kuɗi da sunan ƙungiya a sanar da Shugaba.

 Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.